Dakata mini kaɗan, in ga ko kai wane ne

Shekara uku da suka wuce, a wurin ɗaurin auren wata ƙanwarmu, na durƙusa na gaida Kawu. Yana zaune kan tabarma cikin manya, yana jan carbi. Na ce, "Kawu, barka da hutawa, an zo lafiya?" Bai ko ɗago ba. Na maimaita, shiru. Wani ɗan kasuwa da ya iso bayana, babbar rigarsa tana ƙamshin turare, ya tsuguna ta ɗaya gefen, sai ga Kawu ya saki fuska yana "A'a, Alhaji, lale marhabin." Na miƙe kunnuwana sun yi zafi. Kafin in kai inda na ajiye takalmina, zuciyata ta gama karanta mini hukunci: ya raina ni don ni malamin makaranta ne, dama tun rasuwar Baba ya canza mana fuska, a zuri'ar nan in ba ka da kuɗi ba ka da dangi. Wata biyar ban taka gidansa ba. Ranar da Inna ta matsa mini na je, na tarar da 'yarsa ta sunkuya tana yi masa magana da ƙarfi ta kunnen hagu. Na daman ya daina ji tun kafin bikin. Ni kuwa ta dama na durƙusa.

Abin da ya faru a kan tabarmar nan bai wuce magana ɗaya ba: tsoho bai amsa gaisuwa ba. Rainin, da zancen kuɗi, da tsohon mikin rasuwar Baba, ni na zo da su na ɗora a kai, kuma su ne suka hana ni barci. Tun daga lokacin nake ganin akwai wani ilimi da muke matuƙar buƙata a gida da kasuwa da kan waya, amma ba mu koyar da shi yadda ya kamata, wato mutum ya iya tsayawa tsakanin abin da ya same shi da labarin da zuciyarsa ta ba shi a kai. A iya karatuna, waɗanda suka fi zurfafa bincike a kan wannan wasu masana ne na tsohuwar Girka da Rum da ake kira Sitokiyawa.

Wani mutumin tsibirin Kubrus mai suna Zino ne ya kafa makarantarsu a birnin Atina, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙarƙashin wata doguwar rumfa mai zane-zane a bakin kasuwa yake koyarwa, kuma daga sunan rumfa a Girkanci sunansu ya samo asali. Larabawa ma Riwaƙiyyun suke ce musu, mutanen rumfa. Rubuce-rubucen na farkonsu yawanci sun ɓace. Abin da ya iso gare mu cikakke ya fito ne daga mutum uku na zamanin daular Rum. Efiktitus bawa ne, gurgu, an haife shi wajen shekara ta 50 miladiyya a wani gari da ke cikin Turkiyya ta yau, ya yi bauta a gidan wani sakataren sarki Niro, daga baya ya sami 'yanci, aka kore shi daga Rum tare da sauran masu falsafa, ya je ya buɗe makaranta a Nikofolis ta ƙasar Girka. Shi bai rubuta komai ba, almajirinsa Ariyan ne ya riƙa rubuta karatunsa. Senika attajiri ne haifaffen Kurduba, malamin Niro, wanda a shekara ta 65 almajirin nasa ya umarce shi da ya kashe kansa. Na ukun, Markus Oriliyus, shi ne sarkin Rum ɗungurungum daga 161 zuwa 180, yana rubuta wa kansa nasiha a sansanonin yaƙi na bakin kogin Danub, a shekarun da annoba ke cin daularsa. Abin da ya ja hankalina shi ne bawa da attajiri da sarki duk ciwo ɗaya suke jinya.

Mutane da yawa sun ɗauka koyarwarsu ita ce mutum ya zama dutse, kada ya ji komai. Wannan kuskure ne, kuma Senika ya warware shi a rubutun da ya yi wa ɗan'uwansa kan fushi. Ya ce fushi hawa-hawa ne. Hawan farko ba da izininka yake zuwa ba: gabanka ya faɗi, jini ya hau fuska, hannu ya yi rawa. Wannan babu mai hana shi, kamar yadda ba ka iya hana ido ƙiftawa in an kawo masa yatsa. A hawa na biyu ne zuciya ke cewa "an zalunce ni, dole in rama," kai kuma ka ce "haka ne." Na uku shi ne inda linzami ya tsinke, ko da ka so tsayawa ba ka iyawa. Duk aikin yana hawa na biyu, a wurin wannan "haka ne" ɗin. Wani marubucin Rum, Aulus Geliyus, ya ba da labarin tafiyar da ya yi a jirgin ruwa tare da wani Basitokiye. Guguwa ta taso, fuskar malamin ta yi fari fat don tsoro. Da ruwa ya lafa ya tambaye shi yadda aka yi mai wannan ilimi ya tsorata, sai malamin ya ciro littafin Efiktitus daga jakarsa ya nuna masa cewa mai hikima ma yakan firgita, bambancinsa da wawa shi ne ba ya amincewa da abin da firgicin ke raya masa. Duk Musulmin da ya san hadisin rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) zai ji kamar ya san wannan hanya: ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

Domin a kama hawa na biyun nan kafin ya wuce, sai mutum ya kasance a farke. Suna da kalma ta musamman ga wannan farkawar, ni dai gadin zuciya nake ce mata, domin Efiktitus da kansa ya kawo misalin masu gadin dare da ke tsare mai wucewa su nemi shaidarsa. Ya koya wa almajiransa su ce wa duk tunanin da ya afko musu, "Dakata mini kaɗan, in ga ko kai wane ne, in gwada ka." A wani wurin ya kwatanta abin da masu gwada tsabar kuɗi, yadda suke dubawa su taɓa su jefar su saurari ƙararta. Duk wanda ya taɓa kai dala Wapa ya ga irin wannan. Ɗan canji ba ya karɓar takarda don mai ita ya rantse. Sai ya murza ta, ya ɗaga ta a haske. Mu kuwa a kan dala ɗari muna wannan taka-tsantsan, amma zuciya ta miƙo mana "ya raina ka" mu karɓa mu sa a aljihu ba ko dubawa, alhali kuwa jabun nan yana iya cinye zumuncin shekara arba'in.

Za a ce ai wannan haƙuri ne, mu da muka gaji haƙuri kaka da kakanni me wani Bagirke zai koya mana? Haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci, duk mun haddace. Amma mu dubi yadda muke amfani da kalmar yau da gobe. In mace ta kawo ƙarar miji, "ki yi haƙuri." In yaro ya zo yana huci, "yi haƙuri, share kawai." Abin da ake nufi a mafi yawan lokuta shi ne ka haɗiye, ka rufe baki. Ba wanda ke tambayar ka, "Me ainihi ya faru? Me ka faɗa wa kanka a kai? Ka tabbata?" Labarin yana nan daram a cikin ciki, an dai hana shi fita ne. Ni ma a wata biyar ɗin nan haƙuri nake yi a ganina, tunda ban zagi Kawu ba, ban kai ƙararsa wurin kowa ba. Irin wannan haƙurin shi ne yake taruwa har ranar da mutum zai fashe a kan abin da bai kai ya kawo ba, a ce wai shiru-shirun nan ashe mugu ne. Gadin zuciya yana komawa ne kan labarin kansa. In ƙarya ne, fushin ya mutu tun daga saiwa, babu abin haɗiyewa. In gaskiya ne, ka san ainihin girman laifin, ba tare da ƙarin gishirin da zuciya ta zuba ba.

Senika ya ce babban maganin fushi jinkiri ne. A nan ne nake ganin zamaninmu ya yi mana babbar asara ba mu lura ba. A da, in ɗan'uwanka ya ɓata maka rai, sai ka sa riga, ka nemo takalmi, ka taka zuwa unguwarsu, ka yi sallama a zaure, ka jira a shimfiɗa tabarma. Sannan gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya muka ji da zafin nan. Wataƙila a kawo ruwa. Kafin ka kai ga maganar da ta kawo ka, rabin wutar ta mutu, kuma ga fuskar mutumin a gabanka, ga 'ya'yansa suna gaishe ka. Al'adarmu ta gina jinkiri a cikin hanyar kai ƙorafi, ko da ba mu kira shi da suna ba. Yanzu babu zaure tsakanin fushi da wanda ake fushi da shi. Yatsa ɗaya a kan WhatsApp, ka zuba muryarka ta minti huɗu a zauren dangi, mutum sittin sun saurara kafin ka huce ka goge. A Facebook kuwa ana ganin rabin bidiyo, ba a san farkonsa ba, ba a san ranar da aka ɗauke shi ba, sai tsinuwa ta fara sauka. Tunda waya ta ɗauke mana jinkirin da ke waje, ya zama dole mu gina wani a ciki.

Abin bai tsaya kan zumunci ba. Na taɓa tsayawa sayen tumatir a wata kasuwa, wani mutum ya shafa aljihu ya ƙwalla ihu, "Wayata! Ɓarawo!" Ya nuna wani yaro ɗan dako da ya gifta ta kusa da shi. Cikin ƙiftawar ido an kewaye yaron. Wani ya kwaɗa masa mari, wani ya ɗauko itacen rumfa. Ina ganin bakinsa yana jini yana cewa "Wallahi Baba ban ɗauka ba," ba mai saurare. Wata dattijuwa mai sayar da kuka da daddawa ce ta kutsa tana cewa, "Ku tsaya! Alhaji, faɗi lambar a kira." Aka kira. Wayar ta yi ƙara daga cikin buhun albasar da mutumin ya sunkuya yana zaɓa. Mutane suka watse kowa yana sunkuyar da kai, yaron ya zauna a ƙasa yana goge baki da gefen riga. Babu wanda ya ga sata a cikin waɗanda suka kai duka. Kalma ɗaya suka ji, kowa ya ce mata "haka ne." Dattijuwar nan ba ta taɓa jin sunan Efiktitus ba, amma abin da ya koyar shi ta yi: ta tsare labarin a ƙofa ta nemi shaidarsa. Duk mun san sau nawa irin wannan ihun yake ƙarewa da taya da fetur a garuruwanmu, saboda ba a sami mai cewa a kira lambar ba.

Wani abokina, mutum mai kishin addini, ya ce mini bai ga dalilin da zai sa Musulmi ya je neman tarbiyya wurin mutanen da ba su san wahayi ba. Na fahimci damuwarsa, kuma akwai wuraren da ni ma ba na bin su ko taku ɗaya. Fahimtarsu game da Ubangiji ta saɓa wa tauhidi, kuma sun halatta wa mutum ya kashe kansa a wasu yanayi. Amma malaman Musulunci na farko ba su ji tsoron ɗaukar abin da ke da amfani ba. Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta risala kan dabarun kawar da baƙin ciki, kuma a cikinta akwai misalin matafiya jirgin ruwa da suka sauka a tsibiri, misalin da asalinsa yana cikin karatun Efiktitus. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Addininmu kuma ya riga ya ba mu umarnin: "kada ka yi fushi," sau da yawa ga mai neman wasiyya, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, alƙali kada ya yi hukunci yana cikin fushi. Hadisin alƙalin nan ya fi komai kama da maganar da nake yi, domin kowannenmu alƙali ne a kotun zuciyarsa sau ɗari a yini. Abin da na samu wurin Sitokiyawa shi ne bayani dalla-dalla na yadda shari'ar take gudana a cikin ƙirji, daga shigar ƙara zuwa yanke hukunci, da kuma daidai inda ake iya dakatar da ita.

Sukar da ta fi wannan nauyi a wurina ita ce ta siyasa. A ƙasar da ake riƙe albashin ma'aikaci, mara lafiya ya mutu a layin asibiti, manomi ya kasa zuwa gonarsa don tsoron 'yan bindiga, ba zalunci ba ne a ce wa mutane matsalar tana cikin tunaninsu? Mun gaji da jin "a ƙara haƙuri" daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba. Senika kansa yana cikin mafiya dukiya a Rum lokacin da yake yabon talauci, kuma tun a zamaninsa an yi masa gori a kan haka. Ina ɗaukar wannan suka da muhimmanci, kuma duk wanda ya yi amfani da wannan koyarwa don ya rufe bakin wanda aka zalunta ya ci amanarta. Adalci yana cikin ginshiƙai huɗu na halin kirki a wurinsu, tare da hikima da jarumta da kamun kai. Efiktitus yakan ba almajiransa labarin Helbidiyus Firiskus, ɗan majalisar dattawan Rum. Sarki Basbasiyan ya aika masa kada ya zo majalisa. Ya ce muddin shi ɗan majalisa ne sai ya zo. Sarki ya ce to ya zo amma ya yi shiru. Ya ce in ba a tambaye shi ba zai yi shiru, in an tambaye shi kuwa sai ya faɗi abin da yake ganin daidai ne. Sarki ya ce zai kashe shi. Ya amsa da cewa bai taɓa ce masa shi ba ya mutuwa ba: sarki ya yi nasa, shi ma zai yi nasa. An kuwa kashe shi daga baya. Mutumin da ya mallaki zuciyarsa haka ya fi wuyar saye da wuyar tsoratarwa fiye da mai zafin kai. Mai zafin kai ana iya juya shi. 'Yan siyasarmu sun san haka sarai, shi ya sa lokacin zaɓe suke neman abin da zai tunzura matasa, su fusata da ɗan wata jam'iyya ko ɗan wata ƙabila, su manta da tambayar ina kuɗin asibiti suka shiga.

Inda na rabu da Senika shi ne cewar da ya yi fushi ba shi da amfani ko kaɗan. Na fi karkata ga Imam al-Gazali, wanda ya ga cewa rashin fushi gaba ɗaya ma naƙasa ne, mutum ya ga ana keta haddi ko ana cin zalin marainiya bai ji komai ba. Zafin da ke tasowa a ƙirji yakan zama ƙararrawa mai gaya maka cewa akwai abin dubawa. Ya dai tsaya a matsayin mai kawo ƙara, kada a ɗora shi a kujerar alƙali. Haka kuma wanda damuwa ta yi wa katutu har ba ya iya ci ko barci, likita yake buƙata. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Albert Ellis da Aaron Beck, waɗanda suka kafa hanyar jinya ta gyaran tunani a tsakiyar ƙarni na 20, dukansu sun ambaci Sitokiyawa a matsayin tushen hanyarsu, kuma ita wannan jinyar a hannun ƙwararre ake yin ta.

Ga mai lafiya kuwa, abin motsa jiki ne na kullum, karatu kaɗai ba ya wadatarwa. Markus yakan tunatar da kansa tun da asuba cewa yau zai haɗu da mai shisshigi da butulu da mai girman kai, don kada su zo masa a ba-zata, ya kuma tuna cewa 'yan'uwansa ne. Senika da dare, bayan an ɗauke fitila matarsa ta yi shiru, yakan bi yininsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa inda ya yi zafi fiye da kima, abin da malamanmu ke kira muhasaba. Efiktitus ya ce ka riƙa ƙirga kwanakin da ba ka yi fushi ba: da kullum ne, ya koma bayan kwana biyu, ya koma bayan uku. Ni ƙa'ida ɗaya na ɗora wa kaina, ba na tura saƙon murya in ƙirjina yana bugawa, sai sallah ɗaya ta shiga tsakani. Sau da yawa bayan sallar ba na ma ganin abin turawa. Wani lokacin kuma ina gani, sai in kira mutumin shi kaɗai.

Ina ganin ya kamata a koyar da wannan a makarantun boko da na Islamiyya, a aikace, kamar yadda ake koyar da alwala. Na fara gwadawa a ajina. In yara biyu sun yi faɗa, kafin maganar hukunci nakan ba kowa takarda in ce ya raba ta biyu, a dama ya rubuta abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, a hagu ya rubuta abin da ya faɗa wa kansa. Makon jiya wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda aka ƙwace dutse daga hannunsa, ya cika ɓangaren hagu har ya juya bayan takarda: ya raina ni, yana nuna wa 'yan aji takalmina ya yage, dama tun aji ɗaya yake jin haushina, in na ƙyale shi kowa zai taka ni. A dama layi ɗaya ne: ya taka mini ƙafa a layin famfo. Ya daɗe yana kallon takardar, har yanzu yana huci. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, amma fa ya yi dariya." Na ce ya rubuta a dama, tunda ya ji da kunnensa. Ya rubuta. Na kira ɗayan yaron na tambaye shi me ya ba shi dariya.